San da Ya Riga Yakura Shiga Biro

Duk wanda ya zauna Gure ya san rairayi ba ya jin magana. Ka yi gini bana, baɗi ka tarar da shi yana leƙo maka ta taga. Shi ya sa da aka tashi gina biron nan, wato ofishin gwamnati, mai kula da masu lambu da makiyaya, wanda ba sai na kama sunansa ba, aka ɗora shi bisa dakali mai kaiwa ƙugun namiji, aka yi masa wata matakala ƴar firit mai miƙewa tsaye. Rairayi dai ya haƙura, bai shiga ba. Wadda ba ta haƙura ba ita ce Yakura, sabuwar tafintar biron.

Shan inna ya taɓa ƙafafun Yakura tun tana goye, amma bai taɓa bakinta ba. Barbarci na uwa, Hausa ta kasuwa, Faransanci na lakwal, wato makarantar boko, duk tana iya yi maka faɗa da su ba ta tsaya haɗiyar miyau ba. Da aka yi konkur, wato jarrabawar ɗaukar tafinta, ita ta zo gaba. Doka ma tana bayanta: ta ce a ba naƙasassu rabonsu na aikin gwamnati, ta ce kowane gini na jama'a a yi masa hanyar da kowa zai iya shiga. Sai dai ita dokar tana can Yamai, ba ta taɓa zuwa ta ga matakalar ba.

Ranar farko Yakura ta sha sabuwar lafaya, ta murzo kekenta mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu, ta tsaya gindin matakala. Shef ɗin biro, wato shugabansa, Mushe Hashimu, ya fito baranda yana washe baki. Mutumin Damagaram ne, mai tumbi, mai son a ce yana da kirki.

"Madam Yakura, barka da zuwa! Kai, ku zo ku ɗauke ta."

Maza suka taso da gudu, suka iso, suka tsaya cirko-cirko. Da namiji ne da tuni sun yi sama da shi kamar buhun hatsi. To amma matar aure ce, da lallenta da turarenta, ta ina za a kama? Wani ya miƙa hannu, ya janye, ya koma sosa ƙeya. Wani ya ce a ɗaga keken da ita a ciki. Yakura ta dubi matakalar, ta dubi ƙwaurinsa, ta ce ta gode.

"To ki hau da kanki mana, yadda kika saba," in ji Hashimu. "Mu sai mu kau da kai."

Ta san abin da yake nufi. Ƙarƙashin mazaunin kekenta akwai wasu tsofaffin silifa da take sa wa hannuwanta in za ta rarrafa. Da su ta hau matakalar kwaleji, da su take shiga asibiti, da su ta shiga ɗakin konkur tana kallon ƙafafun mutane suna matsa mata. Kafin silifan kuwa bayan uwarta ne. Uwar, Ya Fanna, ta goya ta zuwa lakwal shekara da shekaru, har sai da ƙafafun yarinyar suka fara taɓa mata gwiwa. Ranar da sakamakon konkur ya fito, Yakura ta rantse a gaban uwar cewa wurin aikinta dai ba za ta shige shi da rarrafe ba. Ta gaji, wallahi ta gaji. Ba ta son wanda zai zo neman taimako wurinta ya fara ganin ta a ƙasa.

"Shef, ba rarrafe na zo yi ba, aiki na zo yi. Doka ta ce a yi gangare."

Hashimu ya ce gangare ba a safiya ɗaya ake yinsa ba. Aka fito mata da wani ƙaramin tebur gindin bedin da ke tsakar filin biro, wai kafin a ga abin da Allah zai yi.

Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. Mutanenmu in suka ga gurguwa zaune bakin hanya, hannunsu da kansa yake shiga aljihu. Mai lambu zai taho daga kwari da kukan rijiyarsa ta rufta, ya ga Yakura, ya aje mata dabino bisa tebur, ya ce a sa shi cikin addu'a, ya haye matakala, ya tuɓe takalma bakin ƙofa ya shige. Can ciki ya yi ta zuba Barbarci, Hashimu ya yi ta zuba Hausa, sai sun gaji Shef ya leƙo ta taga ya ƙwala: "Madam! Me yake cewa?" Mutumin ya leƙo shi ma ya maimaita, ita kuma ta ƙwala amsa daga gindin bedi. Haka asirin kowa ya zama na unguwa. Wanda ya ci iyakar ɗan'uwansa, wanda raƙuminsa ya shiga rogon surukinsa, duk mai shayin bakin titi ya riga alƙali sani. Dabino kuwa har maƙwabta sun fara cewa ya ishe su.

Wata safiya Hashimu ya sauko da kansa, ya tsaya kanta yana murza hannuwa.

"Madam, ƙarshen watan nan manya za su zo daga Damagaram, su ga ko kowane ma'aikaci yana kan teburinsa. Naki teburin yana ciki. In suka tarar ba kowa, za su ce ba ki kama aiki ba, ni kuma ba yadda zan yi."

Ba yadda zai yi! Gure kaf an san ƙanen matarsa ne ya zo na biyu a konkur, har an ga tela yana auna shi.

"Allah ya kawo su lafiya, Shef," in ji Yakura. "In sun zo zan gaya musu abin da ya hana ni shiga. Wanda bai ji da Hausa ba zai ji da Faransanci."

Kafin azahar an aika kiran magini.

Ɗan Talata aka kira, kuma ba a kira ƙaramin magini ba. Duk wani gangaren loda shanu da ke kasuwannin bisashe, daga Gure har Gamu, hannunsa ne. Yana da wata sanda da ya yanke daidai tsayin bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, ta yi baƙi don riƙo, ita ce ma'auninsa tun yana saurayi. Bai taɓa gina gangaren da bai kai kan sandar nan ba, kuma a ganinsa yin haka zubar da mutunci ne. Hashimu ya nuna masa gefen baranda, ya nuna masa Yakura, ya shiga mota ya tafi taro Damagaram.

"Baba," in ji Yakura, "zo ka auna kekena tukuna."

Ɗan Talata ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba ƴata! Ni da na yi wa bajimai hanya? Abin da ya ɗauki sa, ke ce za ki gagare shi?"

Kullum tana gindin bedi tana kallon abin yana tashi, kullum tana magana. Baba, ya yi tsaye da yawa. Baba, waɗannan kunyoyin da kake jerawa a gicciye fa? Ya ce don kada a zame ne, ya ga saniya ta zame a Bune, bai so ganin ba. Baba, ai ka wuce baranda! Ya ce ta bari a gama. Ma'aikatan biro ma suka ce ta bari a gama, mace da gaggawa.

Aka gama. Gangare ya taso daga ƙasa a gefen baranda, ya miƙe, ya wuce barandar, ya ƙare can sama yana fuskantar titi, da ƴar katanga hagu da dama. Ƙarfi kam ba a magana, ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

"To, Baba, in na kai sama, ta ina zan shiga baranda?"

Ɗan Talata ya duba, ya karkata kai. "Sai ki ɗan diro."

Don kada a ce ba ta gwada ba, ta gwada. Ƙafar gaban keken ta daki kunyar farko, ta tsaya cak, keken ya koma da baya. Hashimu da ya dawo ya zagaya abin, sannan ya sa aka shafe shi da farar ƙasa.

"Gangare dai gangare ne, Madam. Mu mun yi namu, saura naki."

Da yammar ranar ta koma gida ba ta ko iya cin tuwo ba. Ya Fanna tana zaune bisa tabarma tana shafa wa gwiwoyinta man zafi, don yanzu ko ƙofar gida sai da sanda take zuwa.

"Yakura, ki sa silifan nan rana ɗaya. Rana ɗaya tak, su gan ki a teburinki su tafi. Rantsuwa ai ana yi mata kaffara."

"Ya, in na sa su rana ɗaya, na sa su ke nan har in bar aiki."

"In aka kore ki fa?"

Tsoron da Yakura take ji ke nan. Aikin nan shi ne hatsin gidan, shi ne maganin gwiwar da ake shafawa a gabanta. Tsohuwar ta rufe kwalbar man, ta ce ita ba ta da wani buri, so take kawai ta ga teburin da idonta kafin ta mutu, ta san inda goyon nan ya kai.

Ranar kasuwa ta zagayo. Kasuwar bisashe ta cika ta batse, kamiyoyi sun yi layi a bakin gangaren loda shanu. Wani direba da ya gaji da jira ya zagayo neman shayi, ya ɗaga kai, ya ga farin gangare sabo fil yana kallon titi, ba kowa a kansa. Bai tambayi tsayinsa ba, da ido ya gane aikin Ɗan Talata. Jim kaɗan sai ga kamiyo yana ja da baya, sai ga shanu an koro, a bayansu wani dattijo daga wajen Bune, Ba Husseini, yana jan wani jan bajimi mai ƙahoni kamar a shanya wanki a kai.

Yakura kaɗai ce ma'aikaciya a waje, don haka wurinta suka nufa. Dattijon ya gaishe ta da Barbarci, ya tambaya ko gangaren na gwamnati ne.

"Na jama'a ne, Baba, haka aka ce. Ni dai bai karɓe ni ba. Ku gwada sa'arku."

Kai, aiki ya yi kyau! Bakin gangare ya haɗu da bayan kamiyo kamar tare aka haife su. Shanu suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kofato yana kama kunya, ba wadda ta zame. Yakura ta ce a ranta, ashe dai mutumin ya iya aikinsa.

Sai aka zo kan bajimi. Ya hau lafiya har sama. Daidai nan direba ya taka mota ta yi gurnani, san ya firgita, ya fizge igiya, ya juya, ya tsallake ƴar katangar, ya ɗan diro. Tim, bisa baranda! Ya ga ƙofa buɗe, ya ga inuwa, ya shige. Ƙofar Shef ce.

Abin da aka ji daga ciki ba Hausa ba ne, ba Faransanci ba ne. Sai ga Mushe Hashimu ya fito ta tagar nan da yake kiran Madam, kai a gaba, tumbi a baya, ya faɗa rairayi. Allah ya sa rairayin Gure mai laushi ne. Sauran ma'aikata suka yi ta zubowa ta matakala, wani da takalmi ɗaya, wani da butar shayi.

To, shiga dai ta yi sauƙi. Aka ja san da igiya, ya zo bakin matakala, ya leƙa, ya huro hanci, ya koma ƙarƙashin fanka. Aka murɗe masa wutsiya, ya zo, ya leƙa, ya koma. Aka nuna masa harawa daga ƙasa, ya dube ta, ya dubi matakalar, ya ga ba ta kai ba. Duk makiyayi ya sani, sa yana iya hawa inda ba zai yarda ya sauko ba. Direba ya gaji, ya rufe motarsa ya kama hanya. Wani mahauci da ke cikin ƴan kallo ya ce shi fa da wuƙarsa a jiki. Nan Ba Husseini ya daka sandarsa a ƙasa, ya buɗe baki da Barbarci, ya yi ta yi.

Hashimu yana karkaɗe rairayi daga kunne ya juyo. "Madam, me yake cewa?"

"Ya ce duk wanda ya taɓa san da wuƙa, ko ya sa ƙafarsa ta karye, zai biya shi, kuma har Damagaram za a ji yadda aka yi sa ya shiga biron gwamnati. Ya ce a yi masa gangare mai kwanciya ya sauko."

Wannan gaskiya ne, haka dattijon ya ce. Ba ta rufe baki ba maza suka watse neman shebur. Wani ya ruga kiran Ɗan Talata. Hashimu da kansa yana nuna inda za a fara, yana cewa a yi sauri, dabba ce, ba ta da bakin magana, alhaki ne.

Yakura ta bi su da kallo. Tun yaushe take gindin bedin nan tana roƙo da baki har uku, ba wanda ya ɗauko ko cokali. Sa ya yi rabin wuni a ciki, ga mutane suna gudu har suna tuntuɓe. Ta ji kamar ta yi kuka. Sai kuma ta ga Ba Husseini ya sake magana, ta ga Shef ya juyo yana jiran bakinta, Ɗan Talata ma da ya iso yana jiran bakinta. Ba mai jin Barbarci a cikinsu sai maigadi, Ma'azu, shi kuwa mutumin kirki ne. Kukan ya koma inda ya fito.

Abin da dattijon ya ce shi ne, a tara rairayi a gefen dakalin, ya isa.

"Ya ce sansa ba ya taka rairayin da aka tara, ƙafarsa nutsewa take. Sai siminti," in ji Yakura.

"Siminti?" Hashimu ya dubi dattijon. Dattijon ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Yakura ta juya ta tambaye shi da Barbarci, me san yake ci? Ba Husseini ya gyara tsayuwa, ya fara lissafi da yatsu. Ya lanƙwasa na farko, ya ce harawar wake.

"Ya ce a yi shi da tsawo, a kwance sosai, yadda ko tsohuwa za ta hau ba ta yi haki ba."

Ya lanƙwasa na biyu, ya ce dusa.

"Ya ce ban da kunyoyi. Sumul, amma kada ya yi santsi."

Ɗan Talata ya zabura. "Ban da kunyoyi? Sa?"

"Shi ba irin shanun da ka saba ba ne, Baba. Ka ga ai naka ya ƙi."

Wannan ta shigi Ɗan Talata. Dattijo ya lanƙwasa na uku, ya ce kanwa, amma kaɗan.

"Ya ce a sama a bar fili shimfiɗaɗɗe daidai da baranda, inda zai juya."

Dattijo ya lanƙwasa na huɗu, ya ce ruwa safe da yamma.

"Ya ce a sa ƙarfen riƙewa a gefe."

"Ƙarfen riƙewa?" in ji Hashimu. "Madam, sa da hannu?"

"Shef, ni tafinta ce, ba ni na haifi san ba. In kana so in ce masa ka ƙi, sai in ce."

Hashimu ya dubi dattijon, ya dubi tagar biro inda ƙaho ɗaya ya leƙo, ya ce a sa ƙarfen. Ma'azu maigadi ya cusa bakin rawaninsa cikin baki, kafaɗunsa suna rawa, ya juya wai yana duba ƙofar waje.

"Faɗinsa fa?" in ji Ɗan Talata, yana juya sandarsa, ya rasa inda zai kafa ta.

"Ya ce shiga wurin san da awo hatsari ne. A auna da kekena, a ƙara kamu biyu, ya yi daidai da ƙahonin."

Ɗan Talata ya jingine sandar nan tasa a jikin bedi, ya durƙusa gaban keken Yakura da igiya, ya auna faɗi, ya auna tsawo, har ya ce ta ɗan juya ya ga yadda take kwana. Daga ƙarshe ta faɗa musu harawar da dusar da kanwar, ta ce kafin siminti ya bushe, ci da shan sa yana wuyan biro. Da ta juya wa dattijon wannan, ya ce shi ba ya gaggawa, akwai wata kasuwar.

Kwanakin da suka biyo baya, Gure ba ta da hira sai wannan. Bajimi ya tare a biron Shef, yana cin harawar gwamnati, yana shan iskar fanka, abin da yake bari a ƙasa kuma ba sai na faɗa ba. Ba Husseini ya shimfiɗa buzunsa a baranda. Ma'aikata kaf suka dawo gindin bedi. Hashimu ya sa aka aje masa kujera kusa da Yakura, ya zauna fuska a murtuke, goshi da kurjewa, wuya a karkace tun faɗuwar taga. Wata tsohuwa ta taho daga kwari, ta aje wa Yakura dabino, ta dubi Shef, tausayi ya kama ta, ta koma cikin ƙullinta ta aje masa nasa.

"Allah ya ba ka lafiya, bawan Allah."

Hashimu ya dubi dabinon, ya dubi tsohuwar.

"Ci, Shef," in ji Yakura. "Da farko ne yake da ɗaci."

Bai ci ba har aka tashi. Ita kuwa Yakura idonta yana kan aiki. In Ɗan Talata ya fara karkata ga tsohon halinsa, sai ta ƙwala wa dattijon gaisuwa da Barbarci, ya amsa, ta ce, "Baba, ya ce ka ƙara kwantar da shi."

Siminti ya bushe daidai safiyar da ake jiran manyan Damagaram. Rabin unguwa ya taru. Ya Fanna ma ta sa aka kawo ta a amalanke, ta tsaya gefe da sandarta. Ba Husseini ya shiga ya kamo igiya, bajimi ya fito baranda, ya yi ƙiba har yana sheƙi. Ya zo bakin sabon gangare, ya sunsuna, ya taka, ya sauko a hankali kamar ango. Jama'a suka ɗauki sowa. Ɗan Talata yana ta gaya wa na kusa da shi cewa shi dama ya daɗe yana tunanin irin wannan.

Dattijon ya jawo sansa har gaban keken Yakura, ya tsaya. Ya sunkuyo, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa garau irin ta wanda ya tsufa a kasuwa.

"Ƴata, sa ya ce a gaishe ki. Ya ce ƙarfen riƙewar ma ya yi masa daidai."

Yakura ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai. "Baba, ashe kana ji?"

"Wa zai sayar da sa a Gure ba ya jin Hausa? Ina da jika irinki a gida." Ya ja igiyarsa ya wuce.

Ana cikin wanke biro da omo da turaren wuta wani ya hango motar baƙi ta shawo kwana. Hashimu ya rikice. "Madam, don Allah yi sauri, teburinki!"

Yakura ba ta yi sauri ba. Ta murza kekenta zuwa inda uwarta take.

"Ya, ba ni sandar. Riƙe bayan keken da hannu ɗaya, ɗayan ki kama ƙarfen."

Ta ɗora sandar a cinya, ta kama mariƙin keke, ta murza. Ƙafar gaba ta hau siminti ba ta daki komai ba. Tana murzawa, tsohuwar tana takowa a bayanta, tana jin nauyinta yana ja.

"Ina yi miki nauyi?" in ji Ya Fanna.

"Ni ban yi miki ba, lokacin lakwal?"

"Ke? Kamar turmi!"

Suka yi dariya su biyu, amma muryar tsohuwar ta riga ta karye. A sama keken ya juya a filin da aka bar wa sa, ya shiga ƙofa. Biron yana ƙamshin turare, da ɗan abin da turaren bai iya rufewa ba. Teburin yana kusa da taga. Ya Fanna ta shafa shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

Baƙi suka shigo, suka tarar da kowa a teburinsa. Suka yaba gangaren, Hashimu ya ce ai shi mutum ne mai bin doka. Suka yi tambaya kan ɗayan gangaren, farin, ya ce wannan na makiyaya ne, su ma jama'a ne.

Bayan sun tafi wani mai lambu ya shigo, ya tuɓe takalmansa bakin ƙofa inda na mutane suke jere. Ya ga Yakura bayan tebur, ya russuna, ya ce, "Madam, rijiyata ce ta rufta." Hannunsa bai je aljihu ba.

"Zauna, Baba, ina zuwa," in ji ta.

Ta sa hannu ƙarƙashin mazaunin keke, ta jawo tsofaffin silifan nan da tafin hannunta ya cinye, ta miƙa wa uwarta.

"Ya, aje min su can waje, wurin takalman mutane."